Mene Ne Adalci a Ajin Koyon Karatu?

Akwai tambayar da take da sauƙin faɗi amma amsarta da wuya. Malami yana da yara sittin a aji ɗaya, yana koya musu karatu. Waɗansu sun riga sun iya karanta labari, waɗansu suna haɗa baƙaƙe da ƙyar, waɗansu kuwa ko sunan harafi ba su sani ba. Idan ya ba su duka darasi ɗaya, daga littafi ɗaya, a sa'a ɗaya, ya yi musu adalci ke nan? Mutane da yawa za su ce ya yi, tun da bai fifita kowa a kan kowa ba. Amma ya kamata a tsaya a auna maganar, gama abin da aka raba daidai ba kullum yake isa ga kowa daidai ba. Domin a ga haka a fili, yana da kyau a duba wani wuri inda Hausawa suke zaune nesa da gida, wato ƙauyukan Makwar a ƙasar Sudan.

Makwar da mutanenta

Makwar sunan ƙauye ne a bakin kogin Shuɗin Nilu, inda garin Sinnar yake yanzu. Tun da daɗewa mahajjata daga ƙasar Hausa da Barno sukan bi ta wannan yanki da ƙafa zuwa Makka, waɗansu kuma sukan yada zango su yi noma, har zango ya zama gida. Bayan da Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a Burmi a shekarar 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya gabas tare da jama'a, Fulani da Hausawa, suka zauna a bakin wannan kogi, kudu da Sinnar kaɗan. Garin da suka kafa ana kiransa Mai Wurno har wa yau.

A shekarar 1925 aka gama gina madatsar ruwa ta Makwar, wadda tsawonta ya kai kamar kilomita 3. Da ruwanta aka buɗe babbar gonar Jazira, tsakanin Shuɗin Nilu da Farin Nilu, domin noman auduga. An fara da faddan 300,000, faddan kuwa ya ɗara eka ɗaya kaɗan. Daga baya aka faɗaɗa gonar har ta wuce faddan miliyan 2. Aikin ya bukaci hannuwa da yawa, sai mutanen yamma suka yi ta zuwa, suna shuka, suna ciyawa, suna cirar auduga. Waɗansu suka sami gonar haya, waɗansu suka zauna a sansanonin ma'aikata da ake kira kambo, inda sau da yawa ba makaranta, ba asibiti. Jikokinsu 'yan Sudan ne, a can aka haife su, a can aka binne kakanninsu. Galibinsu Musulmi ne. Amma damuwarsu a kan 'ya'yansu irin ta kowane mahaifi ce, a Wusasa yake ko a Maraɗi.

Aji ɗaya, tafiya dabam dabam

Yaron da ya tashi a irin waɗannan ƙauyuka yana jin Hausa ko Fulatanci a bakin uwarsa. A kasuwa da wajen wasa yana jin Larabcin Sudan. A makaranta kuma littafinsa da Larabcin littafi aka rubuta shi, wanda ya bambanta da na kasuwa. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum ya rubuta littafi a shekarar 1999 a kan yadda Hausar Sudan take cuɗanya da Larabci. Ba duk gidaje ne suke a wuri ɗaya cikin wannan cuɗanya ba. Wani gida Larabci ya riga ya shiga har ɗaka, wani gida kuwa sai Hausa zalla.

Rubutun kansa ma yana da nasa hawa. Haruffan Larabci 28 ne, yawancinsu kuma sukan sāke kama bisa ga inda suka faɗo, farkon kalma, ko tsakiya, ko ƙarshe. Waɗansu ɗigo kaɗai ya raba su da juna. Littattafan ƙananan aji sukan sa wasula, amma da an yi gaba sai wasulan su ragu, a bar mai karatu ya cika da saninsa na harshen. Wanda bai san kalmar ba, ina zai samo wasalinta?

To, a ɗauki misalin yara uku a benci ɗaya. Na farko ɗan mai kanti ne, gidansu ana Larabci, yayarsa tana aji shida, ta riga ta nuna masa haruffa. Ta biyu yarinya ce daga kambo, Hausa kaɗai take ji sosai, kuma idan lokacin cirar auduga ya zo sai ta yi makonni ba ta leƙa aji ba. Na uku ya yi shekara biyu a makarantar allo, yana iya furta abin da aka rubuta da wasali sarai, amma in an tambaye shi ma'ana sai ya yi shiru. Shekarunsu ɗaya, ajinsu ɗaya, littafinsu ɗaya. Tafiyar da kowannensu ya yi kafin ya iso wannan benci ce ta bambanta.

Yaƙi ya ƙara faɗaɗa wannan rata. A watan Afrilu na 2023 faɗa ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. A watan Oktoba na wannan shekara hukumar UNICEF ta ce yara kamar miliyan 19 ba sa zuwa makaranta a ƙasar. Wad Madani, babban birnin Jazira, ya faɗa hannun RSF a Disamba 2023, sojoji ba su karɓe shi ba sai Janairu 2025. Singa, hedkwatar jihar Sinnar, ita ma ta faɗa a tsakiyar 2024, aka ƙwato ta a Nuwamba. Makarantu da dama sun zama masaukin 'yan gudun hijira. Idan irin wannan makaranta ta buɗe ƙofa, sai ga ɗan shekara goma wanda bai taɓa riƙe fensir ba zaune kusa da tsararsa wanda uwarsa ta yi ta koya masa a gida. Malamin da ya buɗe shafin da manhaja ta ce a buɗe, da wa yake magana a cikinsu?

Abin da hanyar ruwa take koyarwa

Manomin Jazira ya san amsar wannan tambaya ko da bai taɓa shiga aji ba. Ruwa yakan fito daga madatsa ya bi babbar hanya, daga nan ya rarrabu zuwa ƙananan hanyoyi, har ya kai wadda ake kira abu ishirin, mai shayar da faddan 90, sa'an nan ya shiga abu sitta, wadda take kai shi cikin gonar mutum ɗaya. A takarda kowace gona tana da rabonta daidai da na 'yar'uwarta. Amma a ƙasa, wanda gonarsa take kusa da bakin hanya yakan sha ya ƙoshi, wanda yake can wutsiya kuwa yakan jira. Laka da ciyawa sun tare hanya, na gaba sun ɗiba, abin da ya iso gare shi ɗan kaɗan ne, wani lokaci ma ba ya isowa.

Mai gadin ruwa yana iya rantsuwa cewa ya buɗe ƙofa a kan lokaci, bai hana kowa ba, gaskiya kuwa ya faɗa. Duk da haka audugar wutsiya ta bushe. An ɗauke shi aiki domin gonaki su sha. Buɗe ƙofar hanya ce kawai ta kaiwa ga wannan. Mai gadin kirki yakan bi hanyar da ƙafa har ƙarshe, ya ga inda ta toshe, ya sa a yashe, wani lokaci ya rufe wa na gaba na ɗan lokaci domin na baya ya samu.

Haka aikin malami yake. Darasin da ya rubuta a babban allo shi ne buɗe ƙofa. Yaran da suke kusa da darasin, wato waɗanda saninsu ya kusa da shi, su ne suke sha. Sauran suna zaune, suna kwafa, suna amsawa tare da jama'a idan an ce a maimaita, amma ba abin da yake shiga. Idan an auna malami da yawan shafukan da ya gama, ya ci jarrabawa. Idan an auna shi da yawan yaran da suka iya karatu, sai a bi benci benci a gani. Saboda haka ma'aunin adalci a aji shi ne abin da ya isa ga kowane yaro.

Me ya sa jinkiri yake da tsada

Wani zai ce, a bar na baya, sannu ba ta hana zuwa. A abubuwa da yawa haka ne, amma a karatu akwai haɗari. Karatu shi ne mabuɗin sauran darussa. A ƙananan azuzuwa yaro yana koyon karatu, daga baya kuma da karatun yake koyon lissafi, da tarihi, da labarin ƙasa. Wanda ya iya da wuri yakan ji daɗi, ya ƙara karantawa, ya tara sababbin kalmomi, karatun ya ƙara yi masa sauƙi. Wanda ya sha wuya yakan guje wa littafi, kalmominsa su tsaya cik, littafin shekara mai zuwa ya fi ƙarfinsa fiye da na bana. A shekarar 1986 wani masani ɗan Amurka, Keith Stanovich, ya bayyana wannan hali, ya kira shi da sunan Matiyu, saboda misalin talanti a sura ta 25 ta wannan Linjila, inda mai yawa ya sami ƙari, mai kaɗan kuma ya rasa ɗan abin da yake hannunsa. Ƙaramar rata a aji ɗaya takan zama rami a aji biyar.

Abin baƙin ciki kuma, yaro ba ya cewa darasin ne bai dace da shi ba. Yakan ce shi ne ba shi da ƙwaƙwalwa. Abokansa su ce masa dolo, malami ya mai da shi bencin baya, uba ya ga gara ya tafi gona tun da boko ya ƙi shi. Yarinyar kambo da aka ambata ba ta rasa basira ba. Tana iya ƙirga canji a kasuwa, tana haddace tatsuniya mai tsawo, tana jin harshe biyu. An dai yi mata magana a kan matakala ta biyar alhali tana tsaye a ta farko. Idan ta bar makaranta da tabbacin cewa ita daƙiƙiya ce, an yi mata ƙarya, kuma ƙaryar za ta bi ta har cikin gidan aurenta. A nan ne maganar ta wuce ta dabarar koyarwa ta zama ta gaskiya da zalunci.

Hanyoyi biyu da aka gwada

Mutanen Makwar ba baƙi ba ne ga koyar da kowane yaro a inda yake. A makarantar allo, wadda a Sudan ake kira halwa, yara suna zaune wuri ɗaya, amma kowa da allonsa, kowa da karatunsa. Kolo yana kan babbaƙu, wani yana kan farfaru, gardi ya yi nisa. Ba a yi wa yaro ƙari sai ya biya abin da yake kan allonsa, sa'an nan ya wanke. Manyan almajirai kuma suna biya wa ƙanana. Wanda ya tafi cirar auduga, in ya dawo sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Wannan hanya tana da nata rauni. Yaro yana iya shekaru a wuri ɗaya ba wanda ya tambayi dalili, kuma furtawa takan riga fahimta nesa. Amma tushenta mai kyau ne: ba a ɗora wa yaro na gaba sai na baya ya zauna.

Makarantar boko ta zo da wani alheri dabam. A Sudan, cibiyar horar da malamai ta Bakht er-Ruda, wadda aka kafa a 1934 kusa da Duwaim a bakin Farin Nilu, ta shirya littattafai da tsarin darasi domin makarantun ƙasar. Ta haka ɗan ƙauye ya sami littafi irin na ɗan birni. Amma tsarin aji bisa ga shekaru yana ɗauka cewa duk yara sun tashi daga wuri ɗaya, suna kuma tafiya da sauri ɗaya.

A ƙasar Indiya wata ƙungiya mai suna Pratham ta nemi haɗa alherin biyu. Sukan gwada kowane yaro shi kaɗai, da takarda guda, cikin 'yan mintoci. Matakai biyar ne: wanda bai san harafi ba, mai sanin haruffa, mai karanta kalma, mai karanta sakin layi, da mai karanta labari. Daga nan sai a raba yara bisa ga matakinsu, ba bisa ga aji ko shekaru ba, na sa'a ɗaya ko biyu a rana. Masu koyon haruffa suna wasa da katin baƙaƙe, suna rubutu a ƙasa. Masu kalma suna haɗa gaɓoɓi. Masu labari suna karantawa, suna ba da ma'ana da bakinsu. Bayan 'yan kwanaki a sāke gwadawa, wanda ya wuce ya matsa gaba. A jihar Uttar Pradesh, bayan irin wannan koyarwa ta kwanaki da ba su wuce 50 ba, yaran da suka iya karanta sakin layi sun kusan ninka na makarantun da ba a yi haka ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suke cikin masu auna wannan aiki, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2019 tare da Michael Kremer. An ɗauki hanyar a Zambiya tun 2016, an kuma gwada ta da Hausa a jihar Kano, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa.

Masu musu da hujjojinsu

Akwai masu ƙin wannan ra'ayi, kuma ba mutanen banza ba ne. Ya kamata a saurare su.

Na farko malami ne da kansa. Zai ce, mutum ɗaya da yara sittin, albashi ba ya zuwa a kan kari, ta ƙaƙa zai zama malamai biyar? Kukansa gaskiya ne, kuma zalunci ne a ɗora wa mutum ɗaya laifin da yake na hukuma da na gari. Amma ba a ce ya shirya darasi sittin ba. Ƙungiya uku ma sun isa a fara. Idan malamai uku na aji uku, da huɗu, da biyar suka yarda, sai su haɗa yaransu na sa'a ɗaya, kowa ya ɗauki mataki guda. Ba a ƙara malami ba, ba a ƙara ɗaki ba. Abin da aka sāke shi ne wane yaro yake gaban wane malami.

Na biyu uban haziƙin yaro ne. Zai ce, don me za a tsai da ɗansa domin 'ya'yan waɗansu? Shi ma yana da haƙƙi. Yaron da ya iya karanta labari, aka tilasta masa rera haruffa wata uku, an cuce shi kamar yadda aka cuci na baya. Darasi ɗaya ga kowa yakan cuci gefe biyu, na gaba ya gaji da jira, na baya ya gaji da gudu. A yammacin Kenya an gwada wannan a makarantu 121 daga shekarar 2005. A rabinsu an raba 'yan aji ɗaya gida biyu bisa ga saninsu, a sauran kuma an raba su ba tare da duban sani ba. Inda aka raba bisa ga sani, na gaba sun ƙaru, na baya ma sun ƙaru. Don haka uban haziƙi da uwar yarinyar kambo ba abokan gāba ba ne. Abu ɗaya suke nema.

Na uku shi ne mafi nauyi. Zai ce, rabawar nan za ta sa wa yara tambari. Yara ba wawaye ba ne, ko an kira ƙungiyarsu Tauraro ko Zaki, sun san wace ce ta baya. A wurin da talauci da harshe suka riga suka raba mutane, ana iya wayi gari a ga 'ya'yan kambo duka a ƙungiya ɗaya, 'ya'yan masu gona a wata. Wannan tsoro yana da tushe. A gwajin Kenya ma an lura cewa malaman gwamnati sun fi zama a aji suna koyarwa idan an ba su ƙungiyar gaba. Idan rabawa ta zama hanyar jingine marasa ƙarfi a gefe, ta fi rashin rabawa muni.

Saboda haka akwai sharuɗɗa uku da in babu su rabawar ta zama zalunci. Na ɗaya, mataki zango ne, ba a gina gida a cikinsa. A riƙa gwadawa a kai a kai, yaro ya ga da idonsa cewa ana wucewa. Na biyu, rabawar ta tsaya ga sa'ar karatu. Sauran yini yara su zauna tare, su yi wasa tare, gama wanda yake baya a karatu yana iya zama gaba a lissafi ko a waƙa. Na uku, malamin da ya fi gwaninta da haƙuri shi za a ba masu farawa. Likita ba ya tura ɗan koyo wurin wanda ciwonsa ya fi tsanani.

Na huɗu mai duba makarantu ne, wanda zai ce dole a gama manhaja kafin ƙarshen shekara. Manhaja abu ne mai amfani, ita take hana kowa yin abin da ya ga dama. Amma an yi ta domin yaro. Littafin da aka gama alhali rabin aji ba sa iya karanta shafinsa na farko, a rajista kaɗai aka gama shi.

Abu ɗaya da ba ya sākewa

Kada a ɗauka cewa tarar da yaro inda yake yana nufin rage masa buri. Akwai tausayin da yake raini ne a ɓoye, irin na malamin da yake cewa, wannan ɗan kambo ne, in ya iya rubuta sunansa ya isa. Hanya tana iya bambanta, sauri yana iya bambanta, amma masauki ɗaya ne ga duka: kowane yaro ya karanta labari da kansa, ya gane shi, ya iya faɗin abin da ya gane. Adalci yana da ƙafa biyu. Ɗaya ita ce a fara daga inda yaro yake, ɗaya kuma ita ce kada a bar shi a can.

Game da harshe kuwa, malamin da yake jin Hausa bai yi laifi ba in ya bayyana wa yarinya ma'anar kalmar Larabci da harshen uwarta. Yaro yakan fi saurin gane yadda harafi yake ɗauke da sauti idan kalmar da ake haɗawa ya san ta. Larabci ne zai kai ta jarrabawa, ya kai ta ofis, dole ta iya shi sosai. Amma wanda yake son ya haye da mutum kogi, daga gaɓar da mutumin yake tsaye yake ɗaukarsa.

Nauyin da yake kan kowa

Abin da aka faɗa a kan Makwar bai tsaya a Makwar ba. A ƙauyukan Kano da Katsina, da kudancin Kaduna, da Maraɗi, akwai yaran da suke aji huɗu ba su iya karanta jimla ba, waɗansu ma da wani harshe suka tashi kafin Hausa. A ajin makarantar Lahadi da ajin koyon karatu na manya ma haka abin yake, ana karantawa tare da murya ɗaya, mai ja yana ja, sauran suna bin bakinsa. Muryar taro takan ɓoye wanda bai iya ba.

Aikin farko ba ya bukatar kuɗi. A zauna da kowane yaro shi kaɗai, ba bulala, ba 'yan kallo, a miƙa masa takarda mai haruffa, da kalmomi, da ɗan gajeren labari, a saurara. Minti biyar sun isa a san inda yake. Uba yana iya yin haka a zaure, uwa tana iya yi a tsakar gida, ko da ita ba ta yi nisa ba, gama kunne yana rarrabe mai karatu da mai cinta. Ya da ya yi gaba ya biya wa ƙanensa, kamar yadda gardi yake yi wa kolo, shi ma karatunsa zai ƙara zama. Dattawan gari su tambayi hedimasta yara nawa ne a aji uku suke iya karanta labari, su kuma koma bayan wata uku su sāke tambaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Malami kuwa, idan ya tashi aji da yamma, tambayar da ta dace ya yi wa kansa ita ce ta mai gadin ruwa a Jazira. Ya buɗe ƙofa, wannan ba shakka. Saura ya bi hanyar har wutsiya, ya duba ko gonar ƙarshe ta sha.